Inuwar Taɓarya

Ranar wata Laraba ce, mako uku bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar a lakwal ɗin Madarumfa. An tashe mu ƙarfe sha biyu, na dawo gida a guje ƙasa na gasa mini tafin ƙafa, don takalmin robana ya tsinke tun safe na rataye shi a wuya. Na tarar da tsakar gidanmu cike da mata. Maƙwabciyarmu Hajiya Ige ce ta dawo daga Makka, ta shigo gaida kakata da tsarabar dabino da ruwan zamzam cikin 'yar kwalba. Tana zaune kan tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi tana ba da labari, tana buɗe baki fiye da yadda maganar ke buƙata don kowa ya ga sabon haƙorin Makka. Kakata, wadda duk gidan muke kira Iya, tana gefe tana dama fura a ƙaramar ƙwaryarta mai ɗinki a baki. Sai Hajiya ta juyo ta ce, "Ai Iya, can ko rana ba irin tamu ba ce. Sa'ad da kuke damun hura nan, mu har mun fara shirin la'asar. Kowace ƙasa da tata rana." Mata suka yi ta jinjina ikon Allah. Ni dai idona na kan hannun Iya, kuma na ga ludayin ya tsaya cak.

Sai na faɗi labarin wannan ƙwarya kafin a gane abin da ya tsayar da ludayin. Babana, Sallau, shi ne ɗan Iya na fari, ita kuwa irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, ba ta kallon fuskarsa, in dole ta ambace shi sai ta ce "wancan na waje". A lokacin shekararsa biyu da barin gida. Damina ce ta yi gardama, gero bai cika rumbu ba, ya bi wata kamyo, babbar motar albasa, ta Ɗan Issa ya gangara kudu, bai tsaya ba sai Fatakwal, garin da aka ce mana daga shi sai teku. Can yake dako a kasuwa. Labarinsa a kaset yake zuwa, sau biyu ko uku a shekara, ta hannun wani direba. Ranar da kaset ya iso mukan aro rediyo mu kewaye shi, ni da Inna mahaifiyata da ƙannena biyu, ita kuwa Iya sai ta miƙe ta ce za ta duba kaji. Bayan ɗakin Inna take zagayawa ta tsaya jikin danga, inda babu kaza ko ɗaya, har sai muryar ta ƙare.

Ƙwaryar nan ce kaɗai hanyar da ta rage mata ta kula da shi. Kullum in rana ta take tsaka, Iya kan fito fili ta tsaya ta dubi ƙasa. In ta ga inuwarta ta shige ƙarƙashin ƙafafunta, sai ta dama fura da nono mai kyau, ta rufe da faifai, ta aike ni in ajiye kan dakalin ƙofar gida. Duk baƙon da ya fara wucewa tasa ce, ko mai amalanken jaki daga Safo, ko masunci da ya fito daga tafki da koma a kafaɗa, ko Bafillatana da ta gaji da yawon talla. Wurin uwarta ta gaji al'adar, tana ce mata furar matafiyi. Ta yi imani in ka shayar da ɗan wani a daidai lokacin da yunwa ke kama naka a can, Allah zai jeho wanda zai shayar da shi. Amma fa sai an dace da lokacin. Takan ce, "Hurar da ta makara ihu ce bayan hari." To ga Hajiya Ige ta zo da labarin kowace ƙasa da tata rana. Ke nan shekara biyu Iya na damu, ba ta san ko sau ɗaya ta dace da yunwar ɗanta ba.

Iya ba ta da bakin tambaya a kan ɗan fari. Kashegari dai sai muka ga ta dama da hantsi, ta dama da tsakar rana, ta kuma dama da la'asar, wai ko ɗaya za ta faɗa daidai. Ga shi lokacin bakin damina ne, an yi shuka ana jiran ruwa na biyu, hatsin rumbu ya yi ƙasa har sai an zura ni ciki da kwando nake kai hannu ga damin. Inna ce ke aunawa da tiya kowace safiya, kuma ba ta iya ce wa surukarta ta rage. Iya ta san haka sarai, don haka ba ta nemi ƙarin ko ƙwaya ɗaya ba. Rabonta ta riƙa kasawa uku tana fitarwa dakali. In an yi mata magana sai ta ce, "Cikin tsohuwa ba ya cin komai, goro ya ishe ni." Kafin kwana goma zanenta ya fara zagaye ta har da rara, wuyanta ya fito, in ta ɗago daga ruku'u sai ta dafa bango. Wata safiya ina surfe na hango Inna bayan rumbu tana share ido da bakin zane. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na gane in aka ci gaba a haka Iya ba za ta ga kaka ba.

Cikin wannan hali ne malaminmu, Mushe Idi, ya shigo aji da ƙwallon duniya. Wani dogon mutum ne siriri daga wajen Tawa, mai keke ɗaya da riga biyu, wanda in ya yi fushi sai ya rage murya maimakon ya ɗaga. Ƙwallon kuwa kan kabad ɗin darakta yake zama shekara ta zagayo, mu dai mukan leƙe shi ta taga in muna sharar fili ko muna ba bishiyoyinmu ruwa, don kowane ɗalibi da bedinsa da yake shayarwa. Ran nan Mushe ya aza shi kan tebur ya nuna mana siraran layuka da suka sauko daga ƙoƙon ƙwallon zuwa gindinsa kamar zanen jikin kabewa. Ya ce kowanne da lambarsa, namu na bakwai ne, yana bi yamma da garinmu kaɗan. Ya ce duk mutanen da ke kan layi guda, komai nisan da ke tsakaninsu, lokaci ɗaya rana ke take musu tsaka. Sai ya ɗora yatsa kusa da Maraɗi ya fara gangarawa. Ya shiga Najeriya, ya haye wani babban kogi, ya ratsa kurmi, ya ce a nan ƙasa ta ƙare, ga Fatakwal a bakin teku.

Ban san lokacin da na miƙe ba. A lakwal ɗinmu akwai wani ƙashin jaki da ake rataya wa duk wanda aka kama yana Hausa, ya yini da shi yara na yi masa dariya, kuma ni har ran nan ban taɓa ɗaukarsa ba. Amma Faransancin duk ya gudu daga kaina. Da Hausa tsantsa na ce, "Mushe, ke nan in inuwa ta shige ƙafa nan, ta shige ƙafa Fatakwal?" Wanda ke sanye da ƙashin har ya fara cire shi da murna. Mushe ya ɗaga masa hannu, ya dube ni ya ce haka ne, in zauna.

Ana tashi na sheƙa gida. Na sami Iya tana kaɗi a ƙofar ɗakinta, mazari na juyawa a hankali don hannun ba ƙarfi. Na zube gabanta ina haki na kwashe duka na faɗa mata, har da lambar layin. Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ke uwar surutu, layin Nasara guda na sani, wanda ke gaba da Ɗan Issa, shi ya raba ni da ƙanwata ta Jibiya. In akwai wani, je ki ɗauko mini shi in gani." Ita gatse ta yi. Ni kuwa da shekara goma sha ɗaya da taurin kai irin na gidanmu, aike na ɗauka.

Ranar Lahadi na ja ƙawata Haule, wadda muke carafke tare, na ce ta raka ni neman layi. Muka ce a gida za mu itace. Muka bi bakin tafki muka nufi yamma, muna ratsa lambuna, muna tsallake kunyoyin albasa da salati, ido a ƙasa. A zatona wani baƙin zane ne kamar na kwalta, ko igiya da Nasara suka shimfiɗa ƙasa ta rufe. Mun tone wata igiya da murna, ashe ta wani masunci ce da ya ɗaure jirginsa, ya kore mu da zagi. Can gaba muka sami wani tsoho yana ban ruwa a lambun tumatir, muka durƙusa muka gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah ta ina layi ya bi?" Ya miƙe ya nuna kudu da haɓa, ya ce iyaka na da nisa, kuma 'yan duwan, wato kwastan, ba sa wasa da yara, mu koma gida. Kowa muka tambaya amsarsa ke nan, don mutanenmu ba su san wani layi ba sai na iyaka. Muka dawo bayan la'asar, ƙafafu duk ƙaya, ba layi ba itace. Inna ta ja mini kunne har na ga taurari, ban kuma yi kuka ba sai da na ga ƙwarya ta uku kan dakali.

Haule ba ta iya riƙe magana, kafin a shiga aji ranar Litinin kowa ya ji. Aka yi ta kirana mai neman layi. Mushe Idi kaɗai ne bai yi dariya ba. Da aka fita hutu ya tsayar da ni ya tambaye ni abin da zan yi da layin in na same shi, ni kuwa sai hawaye, na gaya masa komai tun daga haƙorin Hajiya Ige. Ya murza alli a yatsunsa. Sannan ya ce in gaya wa Inna gobe zai zo gaida tsohuwa kafin azahar.

Ya zo kuwa, da ƙwallon duniya naɗe cikin buhu a bayan keke. Yadda ya shawo kan darakta ya bar kayan gwamnati ya fita lakwal, har yau ban sani ba. Ya cire takalmi a bakin tabarma ya durƙusa ya gaida Iya, suka yi gaisuwa mai tsawo har da tambayar ruwan Tawa. Da ya buɗe buhun, Iya ta kawo fuska kusa, ta ce ita ba ta ganin wasu layuka, idonta ya yi rauni. Sai ya roƙi ta ba shi zare daga mazarinta. Ya ɗaura shi a ƙoƙon ƙwallon, ya ja shi ta kan garinmu ya ɗaure a gindi, ya ce ta aza yatsa ta bi. Ta bi ƙasa, yana faɗa mata sunaye, har ya ce, "Nan ne Fatakwal, Iya." Yatsar ta tsaya nan ta daɗe. Ta tambayi inda Makka take, ya ɗauke yatsar daga kan zaren ya kai ta gabas, nisan faɗin tafin hannu. Ya ce Hajiya ba ta yi ƙarya ba, wanda ya yi gabas ranarsa na riga tamu, amma wanda ya gangara kudu sak yana tare da mu.

Iya ba ta saurin yarda. Ta ce, "Malam, kai ka je can?" Ya ce bai taɓa wuce Katsina ba. Ta ce to baki ne kawai. Sai ya nemi tsinken tsintsiya uku, ya ɗan gutsuri dawon furar da ke cikin ƙwarya, ya liƙa tsinke ɗaya a garinmu, ɗaya a Fatakwal, ɗaya a Makka. Ya fito da ƙwallon tsakiyar rana ya daidaita shi, ya riƙa juya shi sannu sannu. Dukanmu muka sunkuya, har Inna da ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. Inuwar tsinken garinmu da ta Fatakwal suka riƙa raguwa tare, suka zo suka kwanta kan zaren a lokaci guda, ta Makka kuwa ta riga ta miƙe gefe. Iya ta sa aka maimaita har sau uku. Daga nan Mushe ya ce in ɗauko taɓarya in tsayar da ita a tsakar gida. Rana ta take, inuwar ba ta fi taƙi ɗaya ba, tana nuna kudu, wajen ƙofar gida. Ya ce, "Ga layin da kika aiki jikarki ta ɗauko. Kullum war haka yana kwance cikin gidanki. In kika bi inda inuwar ga ta nuna ba ki karkace ba, bakin teku za ki tsaya."

Iya ta daɗe tana kallon 'yar inuwar. Sannan ta mai da yatsa kan zaren, wannan karon ta yi sama, ta ce nan kuma su wane ne. Ya ce nan Ingal ne wajen Buzaye, nan Hamada, nan Aljeriya, nan Bahar Rum, sai ƙasashen Nasara masu duwatsu da ƙanƙara a kai, sai wani teku, sai wata ƙasa mai sanyi, sai ruwan da ya daskare har ƙarshen duniya. Ya ce ƙasa da Fatakwal kuwa ruwa ne zalla, sai masu jiragen ruwa, har a kai wata ƙasar ƙanƙara da ba kowa. Ta ce, "Duk waɗanga yanzu yunwa ke cizonsu tare?" Ya ce tare. Ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, 'ya'yan mutane." Sai ta jawo ƙwaryarta ta dama, ta ƙara ludayi guda a kan yadda ta saba, ta miƙo mini in kai dakali. Da na dawo na tarar ta ce wa Inna, "Ina tawa? Ko so kuke in mutu baƙo na kallo?" Ta sha har ta kanɗe ƙwaryar da yatsa. Inna ta koma madafa da sauri, na ji tana ta hura wutar da ke ci da kanta.

Daga ran nan fura ta koma sau ɗaya, sai dai an daina auna inuwa da ƙafa, ni ake kira in tsayar da taɓarya. Zaren kuwa Iya ta karɓe abinta ta naɗe shi a wuyan ƙwaryar. Baba ya dawo bayan damina ta uku, ya rame ya yi baƙi, da buhun garin rogo da rediyo sabo. Bayan kwana biyu, yana zaune a zaure, Iya ta tsaya daga cikin gida ta juya masa baya, ta ɗaga murya kamar da ni take magana ta ce, "Ke, tambayi wancan na waje ko ana samun abin tsakar rana a can." Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaya mata ban taɓa yini da yunwa ba." Sai bayan rasuwarta da shekaru ya gaya mini akwai ranakun da ruwan famfo kaɗai ya sha. Amma ya ce akwai wata mai sayar da abinci a bakin kasuwar, ba ta jin Hausa shi ba ya jin yarenta, wadda in ta ga ya zauna shiru da tsakar rana takan zuba masa ba ta karɓi komai ba.

Yau na wuce arba'in. Gero inji muke kaiwa, ba a jin lugude a unguwa sai ran biki, yara kuma ba sa leƙen ƙwallon duniya ta taga, ga ta nan cikin waya suna ja da yatsa. Ni ban gaji kunyar ɗan fari ba, sai dai nawa sunan babana ya ci, don haka ni ma ban taɓa kiransa da sunansa ba, Abba nake ce masa. Bara ya haura arewa, yana aikin gini a wani gari na Aljeriya a bakin Bahar Rum. Na sa ƙanwarsa ta duba mini a waya, ta ce garin bai yi nisa da layi na bakwai ba. Da farko kowace Juma'a yake kira. Yau kwana goma sha tara ke nan wayarsa a kashe, abokan tafiyarsa ma ba a samun su.

Taɓaryar Iya tana nan bayan ɗakina, ta tsage a kai. Yanzu lokacin ɗari ne, in na tsayar da ita da tsakar rana inuwar doguwa ce, kuma arewa take nunawa. Sai in dama, in ƙara ludayi guda, in kai dakali da kaina. Masu wucewa a ƙafa sun yi ƙaranci, 'yan kabu-kabu ne ke shuɗewa a guje kan babura, wani lokaci furar kan yi awa tana jira. Jiya wani saurayi ya tsaya da jaka a baya, baƙo ne daga kudu, gaisuwa ma da hannu muka yi ta. Ya shanye ya goge baki ya kama hanyar Maraɗi. Na tsaya ina kallonsa har ya ɓace, ina cewa a raina shi ma wata ce ta haife shi.